Ta Ƙofar Kicin Yaƙi Ya Shiga



Ranar da aka mayar da yaron gidan nan makarantar kwana bayan hutu, da daddare barci ya ƙaurace mini. Ɗan fari ne, ba a faɗin suna, ba a kuma so a ga damuwa a fuskar uwa, don haka da rana na dake kamar ba komai. Amma duk wadda ta taɓa haɗa wa ɗanta akwati ta san wannan daren. Kin zuba gari da sukari, kin ƙulla ƙuli-ƙuli da yaji, kin yi ɗan dambun nama, kin rubuta suna a jikin bokiti, mota ta tashi, sai gida ya yi miki faɗi. Balle tun daga daren 11 ga Disamba 2020, da aka shiga makarantar kwana ta maza a Ƙanƙara aka kwashe yara sama da 300, ai barcin uwa mai ɗa a makarantar kwana ya zama rabi da rabi.

Ƙanwata da ta karanta Faransanci tana gidan a lokacin. Da ta ga ina ta juyi sai ta ce, "Yaya, tunda ba barci za ki yi ba, zo ki ga wani fim, na makarantar kwana ne." Ta kunna a kwamfutarta, tana fassara mini. Wajen minti talatin da farawa na ce, "Ke wai yaushe za a fara fim ɗin ne? An ce yaƙi ake yi, ni ban ga ko harbi ɗaya ba, yara sai cin abinci suke suna faɗa." Ta ce in yi haƙuri. To wallahi da aka gama, bakin zanena ne ya sha hawaye. Daga baya na sake kallonsa har sau biyu, kuma abin da na raina da farko shi ne na dawo ina ganin ya fi komai nauyi. A kansa nake so mu yi magana.

Sunan fim ɗin Au revoir les enfants, ma'ana sai wata rana yara. Wani Bafaranshe mai suna Louis Malle ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya fito a 1987. A shekarar ya ci babbar lambar bikin finafinai na birnin Venice a Italiya, wadda ake kira Zakin Zinariya, a 1988 kuma ya kwashi lambobin César guda 7 a ƙasarsu. Labarin ba ƙage ba ne zalla. Malle an haife shi a 1932, kuma yana ɗan shekara 11 yana karatu a wata makarantar kwana ta fada-fada a garin Avon, kusa da Fontainebleau, kudu da birnin Faris. Lokacin sojojin Hitila na Jamus sun mamaye Faransa tun watan Yuni 1940, ana farautar Yahudawa gida-gida. Shugaban makarantar ya karɓi yara uku Yahudawa, ya sauya musu suna, ya cusa su cikin ɗalibai. Abin da ya biyo baya Malle ya gani da idonsa, ya riƙe shi a ciki sama da shekara 40 kafin ya iya mayar da shi fim.

Na san akwai wadda da ta ji an ce Yahudawa za ta ɗaure fuska, saboda abin da take gani a labarai. Ni ma ina gani, yana kuma ƙona mini rai. Amma yaron da ake magana a kansa shekararsa 13, an kashe shi a 1944, bai taɓa ɗaukar bindiga ba, bai ƙwace gonar kowa ba. Laifinsa kawai gidan da aka haife shi. Ɗan wata ne kamar naki, kuma da wannan idon nake so ki kalle shi.

Fim ɗin ya buɗe a tashar jirgin ƙasa. Julien, ɗan masu kuɗi, yana manne da uwarsa ya ƙi tafiya, yana gaya mata maganganun fushi alhali kuka ne ya ci ƙarfinsa. Ta sumbace shi a goshi, jan bakinta ya zauna, ya shiga jirgi da shi bai sani ba. Daga nan sai makaranta. A daren farko Fada Jean, shugaban makarantar, ya shigo ɗakin kwana da sabon yaro, ya ce sunansa Jean Bonnet, aka ba shi gadon da ke kusa da na Julien. Yara kuwa suka yi masa tarbar da ake yi wa baƙo a kowace makarantar kwana ta duniya, wato tsokana da jifa da matashi.

To daga nan fa sai rayuwar yau da gobe, wadda na ce ta gundure ni. Sanyi ne irin na ƙasarsu, yara suna karatu cikin manyan riguna. Abinci ya yi ƙaranci, a aji ake raba musu biskit mai bitamin, kowa ɗaya. A tsakar makaranta suna hawa dogayen sanduna suna tafiya a kansu, suna ture juna har sai ɗaya ya faɗi, kowa yana kirarin shi jarumi ne. Wanka sai an jera su a layi an kai su gidan wankan gari, inda aka manna takarda a ƙofa cewa ba a yarda Bayahude ya shiga ba, Bonnet ya bi layi ya wuce ta ƙarƙashinta. In jiniya ta yi kuka alamar jiragen yaƙi na tafe, sai a kwashe su zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, malami ya ci gaba da darasinsa cikin duhu, ƙasa tana girgiza. Wata rana aka kai su daji wasan neman taska, an raba su gida biyu, kowa ya soke ƙyalle a bayansa, wanda aka fizge nasa ya fita. Julien da Bonnet suka ɓace har dare, ga sanyi ga aladen daji, ƙarshe sojojin Jamus ne suka tsince su, suka lulluɓe su da bargo ɗaya suka mayar da su makaranta. Ki duba fuskar Bonnet a bayan motar nan, 'yar uwa. Julien sanyi yake ji, shi kuwa mutuwa yake gani tana tuƙa shi.

Nan ne na gane abin da mai fim ɗin yake yi. Kowane abu da aka nuna sau biyu ake rayuwarsa. Ga sauran yara wanka wanka ne, wasa wasa ne. Ga Bonnet kowane ɗaya tarko ne. Da an cika fim ɗin da harbe-harbe da gudu, da mun kalla mun ce yaƙi ne, can ƙasarsu, mu kashe mu kwanta. Amma da aka zaunar da mu muka ci abinci da yaran nan, muka san wanda ke fitsarin kwance yana tashi cikin dare yana goge zanin gado kada a gani (Julien ne kuwa, mai taurin kan nan), muka san mai rowa da mai barkwanci, sai suka zama yaran unguwarmu. Ranar da aka zo ɗaukar ɗaya, daga cikin namu aka ɗauka.

Yadda abotar yaran biyu ta ƙullu ma abin yabo ne, don ba a yi mata gaggawa ba. Da kishi ta fara. Julien ya saba shi ne gwanin aji, sai ga baƙo ya fi shi lissafi, ya fi shi kaɗa fiyano. Sai ya fara sa masa ido. Ya farka cikin dare ya gan shi tsaye da kyandir biyu yana addu'a ƙasa-ƙasa. Ya lura ba ya cin naman alade, abin da ni da ke muka fi kowa fahimta. Ya buɗe lokarsa a ɓoye, ya ga littafi da wani suna daban a ciki, Kippelstein. Julien bai ma san mene ne Bayahude ba, sai da ya tambayi wansa. Ya riƙe sirrin, ya taɓa soka wa Bonnet shi a fuska har suka dambace, daga baya kuma sirrin ya zama igiyar da ta ɗaure su. Akwai ranar da jiniya ta yi kuka kowa ya gudu ƙasa, su biyu suka maƙale suna kaɗa fiyano suna dariya. Akwai daren da Julien yake karanta masa Dare Dubu da Ɗaya da tocila, littafin nan dai da mu ma muke da shi da Hausa. Akwai kuma daren da aka haska wa makaranta duka fim ɗin barkwanci na Charlie Chaplin na 1917, wani malami yana goge, malamar kiɗa tana fiyano, fada da ɗalibi da ma'aikaci kowa yana ƙyaƙyatawa. Da aka nuno jirgin 'yan gudun hijira ya iso Amurka sai ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya ce uffan, kuma ba a bukatar a ce.

Yanzu bari in zo kan wanda ya hana ni sakat, wato Joseph, yaron kicin.

Saurayi ne matalauci, yana ɗingishi, a makarantar yake aiki a nan yake kwana. 'Ya'yan masu kuɗin nan sun mayar da shi abin wasa, su ture shi, su yi masa kiran kare. Amma kuma kowa yana bukatarsa, don shi ne dillalinsu. Iyaye suna aiko wa 'ya'yansu kayan daɗi daga gida, Fada ya ce a riƙa rabawa da waɗanda ba a aiko wa ba, su kuwa sai su kai wa Joseph ya sayar a kasuwar bayan fage, ya kawo musu sigari ko kan sarki na tarawa. Julien da kansa yana cikin masu wannan ciniki, wansa ma haka. Ran nan mai girki ta kama Joseph da kayan kicin, asiri ya tonu, aka gano kayan ɗalibai a wajensa. Me Fada ya yi? Ya tara yaran ya yi musu faɗa mai zafi, ya hana su fita na wani lokaci. Joseph kuwa aka kore shi, ga sanyi, ga yaƙi, ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

Ki tuna wannan Fadan shi ne wanda ya sa wuyansa a igiya don ya ceci 'ya'yan wasu. Shi ne kuma wanda a ranar ziyara ya tsaya gaban iyaye masu hannu da shuni ya caccaki masu tara dukiya ana yunwa, har wani uba ya tashi ya fice. Mutumin kirki ne na gaske. Amma da shari'a ta zo tsakanin ɗan mai kuɗi da yaron kicin, sai ya yi abin da aka saba yi, aka sauke kayan a kan wanda ba shi da kowa. A fuskarsa kina gani ya san bai kyauta ba. Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Joseph ya san kowane lungu na makarantar, ya san wanda ba ya cin alade, ya san wanda ba a zuwa ziyararsa. Ya kwashi wannan sani ya kai wa 'yan sandan ciki na Jamus, waɗanda ake kira Gestapo.

A ganina nan ne zuciyar fim ɗin take. An yi katanga, an sauya sunaye, an ja bakin malamai, duk an tsare ƙofar gaba. Yaƙin bai shigo ta nan ba, ta kicin ya shigo, ta kan wani ɗan ƙaramin zalunci da kowa ya ɗauka ba komai ba ne. Ba ina wanke Joseph ba ne, Allah ya kiyaye. An zalunce shi da kora, shi kuma ya rama da rayukan yaran da ba su taɓa yi masa komai ba, wannan ba rama ba ce, ta'asa ce. Amma fim ɗin bai bar mu mu tsine masa mu tashi hannunmu a wanke ba. Da na kalla karo na biyu sai na tsinci kaina ina tuna wata yarinya da ta taɓa yi mini aiki. Kuɗi suka ɓata a ɗaki, ban tsaya bincike ba na sallame ta, bayan kwana biyu na gano ɗan cikina ne ya ɗauka. Shi na yi masa faɗa ya wuce. Ita kuwa har yau ban san inda take ba. Uwargida, in kina da 'yar aiki ko almajirin da ke yi miki wanke-wanke, ki tambayi kanki tsakani da Allah: in shi da ɗanki suka yi laifi ɗaya, hukunci ɗaya kike yankewa?

Ranar kamun, ana darasin lissafi ne. Jami'in Gestapo ya shigo aji ya kira sunan Kippelstein, aji ya yi shiru. Ya juya yana cire 'yan tutocin da malami ya soka a taswira don nuna inda yaƙi ya kai. A wannan ɗan taƙin Julien ya waiwaya ya kalli abokinsa, kallo ɗaya na tsoro, jami'in ya gani. Bonnet ya rufe alƙalaminsa a hankali, ya miƙe, ya fara miƙa wa 'yan ajinsu hannu. Kallon farko na ji haushin Julien ƙwarai. A na uku na ga ai sunan yana hannunsu tun kafin su shigo, waiwayen bai ƙara komai ba sai 'yan mintoci. Shi kansa Bonnet, da suka haɗu a ɗakin kwana yana haɗa kaya, ya nuna masa kada ya damu, ko ba jima ko ba daɗe za a kama shi. Ya bar masa littattafansa, Julien ya ba shi Dare Dubu da Ɗaya. Amma haka yaro yake, manya su yi ɓarna shi ya ɗauki laifin ya girma da shi.

Duk da wannan yabo, ina da ƙorafi uku.

Na farko, Bonnet daga waje kawai muke ganinsa. Komai ta idon Julien ne. Mun ji uban Bonnet yana tsare, ya daɗe bai ji daga uwarsa ba, shi ke nan. An kuma yi shi gwani a komai, ga ilimi ga kiɗa ga haƙuri, kamar sai yaro ya zama na ɗaya a aji kafin mutuwarsa ta yi ciwo. Sauran yaran biyu da aka ɓoye, da kyar za ki riƙe fuskarsu. Malle da kansa ya faɗa a hirarraki cewa a zahiri abotarsa da yaron ba ta yi zurfin ta cikin fim ba. Wato abotar da ya so a ce sun yi ce ya ɗauka, kuma wannan ya sa fim ɗin ya fi zama labarin mai nadama a kan labarin wanda aka kashe.

Na biyu, cin amanar an ɗora shi a kan gurgu matalauci, manyan da suka shirya abin kuwa ba mu cika ganinsu ba. Gwamnatin Faransa ta Vichy ce ta kafa dokar ware Yahudawa a watan Oktoba 1940. 'Yan sandan Faransa ne, ba na Jamus ba, suka kama mutum wajen 13,000 a Faris a ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942, kimanin 4,000 daga ciki yara. Fim ɗin ya ɗan taɓo wannan a gidan cin abinci, inda 'yan bangar Faransa suka zo korar wani dattijo Bayahude, amma mai kallon da ba ta san tarihi ba za ta iya tashi da cewa yaron kicin ne ya jawo komai. Malle dai yana da wannan ɗabi'a, don a 1974 ma ya yi fim mai suna Lacombe Lucien a kan wani ɗan ƙauye da ya koma yi wa Jamusawa aiki.

Na uku ya shafe mu. Matan fim ɗin ba wadda za ki yi alfahari da ita. Uwar Julien tana son ɗanta amma ba ta san abin da duniya ke ciki ba. Mai girki mashayiya ce. Sistar da ke kula da marasa lafiya ita ta nuna wa soja inda ɗaya yaron ya ɓuya. Malamar kiɗa kuwa an ajiye ta ne samari su yi ta kallo. Alhali a tarihi mata da yawa sun ɓoye yara a lokacin, kuma ta hannun wata shugabar sistoci ake kai wa Fadan nan na gaskiya yaran da ke neman mafaka. Ita ba ta sami wuri a fim ba.

Ga yadda abin ya ƙare a zahiri. Ranar 15 ga Janairu 1944 aka shiga makarantar Avon. Fadan na gaskiya sunansa Lucien Bunel, ana kiransa Fada Jacques. Yaran uku su ne Hans-Helmut Michel, wanda shi ne Bonnet, da Jacques-France Halpern, da Maurice Schlosser. Ranar 3 ga Fabrairu aka loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanin gwale-gwale na Auschwitz, daga isarsu aka kashe su. Fada Jacques ya ƙare a sansanin Mauthausen, sojojin Amurka suka 'yanta sansanin a watan Mayu 1945, amma jiki ya riga ya ƙare, ya mutu ranar 2 ga Yuni a garin Linz. Yahudawa kimanin 76,000 aka kwasa daga Faransa, sama da 11,000 yara ne. An kori Jamusawa daga Faris a watan Agusta 1944. Ki ƙirga da yatsunki, wata bakwai kacal ya rage wa yaran nan su tsira.

In za ki kalla, ki fara kalla ke kaɗai kafin ki zaunar da yara, don akwai zantukan samari da ba na ƙananan kunnuwa ba. Kada kuma ki yi irin gajen haƙurina, ki bar shi ya tafi a hankalinsa, ki riƙa kallon wanda aka ba biskit da wanda yake wanke kwanon.

Ranar ziyara ta farko bayan nan, na yi dambun nama kashi biyu. Da muka zauna a gindin bishiya na tambayi yaron gidan nan abin da ban taɓa tambayarsa ba. Na ce, a ɗakinku wane ne ba a zuwa ganinsa? Ya yi shiru, sannan ya faɗi wani. Na ce, masu dafa muku abinci fa, ka san sunan ko ɗaya? Ya sunkuyar da kai. Na miƙa masa ƙulli na biyu na ce ya kai wa wancan yaron, sunan kuma ina jira in ji a ziyara ta gaba.

Allah ya tsare mana su a duk inda suke kwana, namu da na wasu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.